Hakama da 'Ya'yan Idon Zakara Uku

"Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya wartsake."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, kunnuwanmu na wurinki."

To, ku gyara zama. Ke Ladiyo, matso nan kusa da ƙafata inda zan riƙa ganinki, don tun da rana na ajiye miki wannan tatsuniyar.

Wata mata ce a wani gari da ake kira Gindin Kanya, sunanta Hakama, sana'arta daddawa. Mijinta ya tafi fatauci kudu, shekaru sun shuɗe ba shi ba labarinsa. 'Ya'ya uku ta haifa a baya, duk ta binne su tun ba su yi wayo ba. Da ta haifi ta huɗu, mace, sai ta ɗaga ta sama da hannu biyu tana kuka, ta ce, "Ya Allah, wannan kam Ka bar mani." Shi ke nan suna ya bi yarinya, kowa sai Barmani.

Tun daga ranar Hakama ta ɗaukar wa kanta wata al'ada. Babu abin da zai shiga bakin Barmani sai ya fara bi ta nata bakin. Kunu ne, sai ta kurɓa. Ruwa ne, sai ta kurɓa. Ko goruba aka ba yarinya a maƙwabta, sai uwar ta gatsa tukuna. Mata suna yi mata tsiya, suna cewa, "Hakama, saura iska, ita ma ki riƙa shaƙa kafin ki bar mata."

Ita kuwa sai ta ce, "Da zan iya, da na yi."

Shekarar da Barmani ta cika biyar, damina ta yi nauyi. Ruwa kwana da kwanaki, bango ya jiƙe, tabarma ta jiƙe, sai tari ya shigo gari. A zamanin nan mutane da dabbobi gari ɗaya suke zaune, suna gaisawa suna ciniki, tarin kuwa bai bar kowa ba. Ya kama Barmani, kamu mai tsanani. In ta fara sai idonta ya yi ja, ƙirjinta na ƙara kamar ana jan zarto, Hakama na riƙe da ita gabanta na faɗuwa, don irin wannan riƙon ta yi shi sau uku.

Ta goya ta sai gidan Iya Gwamma, tsohuwar da ke ba garin magani. Iya Gwamma ba ta da fara'a ko kaɗan, amma hannunta na da albarka. Maganinta na tari ganyen idon zakara ne. Kun san shi, siririn tsiron nan mai yaɗo da ke nannaɗe danga yana hawa bishiya, ganyensa ƙanana kamar na tsamiya, in ka tauna sai ka ji zaƙi a harshe. Da shi take maganin tari, da dushewar murya, da gyambon baki. Amma in kwansonsa ya bushe ya tsage, sai ka ga 'ya'ya jajaye wur suna ƙyalli, kowace da ɗigon baƙi a kanta. Waɗannan kuwa, yara, mutuwa ce a cikinsu. Shi ya sa kullum Iya ta je tsinkar ganye, da ƙwarya biyu take tafiya, ɗaya ta ganye, ɗaya ta 'ya'yan. Sai ta tsince su tas, ta haƙa rami mai zurfin kamu guda, ta zuba, ta rufe, ta ɗora dutse.

Iya ta duba yarinya, ta dafa ganye, ta kurɓa, ta miƙa wa Hakama. Hakama ma ta kurɓa, sannan ta ba 'yarta.

Iya ta ce, "Safe da yamma, kwana bakwai."

Hakama ta ce, "Bakwai, Iya? Ba ki ji ƙirjinta ba?"

Iya ta ce, "Na ji. Bakwai na ce."

To, ashe akwai mai laɓe a garin, wane ne in ba Gizo ba. Ya ga ƙwaryar fura da kajin da ake kai wa Iya, ransa ya biya. Ya je ya ce ta koya masa magani, ta ce ya zauna da ita damina uku yana riƙe mata ƙwarya. Gizo da zaman damina uku? Ko zaman cin tuwo ba ya gamawa wuri ɗaya. Sai ya bi ta daji a ɓoye, ya hau reshe yana leƙe. Ya ga ta tsinki ganye, ya ga ta binne jajayen 'ya'ya ta ɗora dutse.

Gizo ya ce a ransa, "Kai, tsohuwar nan da wayo take! Ganye take ba mutane, ainihin maganin ta ɓoye wa kanta. Wa ke binne abin banza har ya ɗora masa dutse?"

Yana nan sai ga Kurciya ta sauka ta tsinci ƙwaya ɗaya da ta faɗi a ciyawa, ta haɗiye.

Gizo ya ce, "Kurciya, kina cin wannan?"

Ta ce, "Nakan haɗiye ta dai."

"Ta taɓa yi miki wani abu?"

"Ba ta taɓa ba, amma fa ka sani…"

Ina! Gizo bai tsaya jin sauran ba, ya riga ya dira yana ture dutse. Ya kwashe 'ya'yan kaf, ya cika burgamensa, jakar fatar nan tasa, ya koma gari ya kafa rumfa a bakin kasuwa, ya ɗaura rawani wanda ya fi kansa girma. Kun san shi da tsamin baki, ni kuwa haƙorana sun zube, ba zan iya kwaikwayonsa ba. Ga dai abin da yake rerawa:

"Ja wur, ja wur, maganin Gizo,
Na tsohuwa kwana bakwai,
Nawa sha yanzu, tashi yanzu,
Ja wur, ja wur, maganin Gizo."

Ran Litinin, kwanan Barmani biyu ke nan tana shan ganye, Hakama ta kai daddawa kasuwa da yarinya a bayanta tana tari. Ta ga Bunsuru ya je rumfar Gizo yana tari kamar zai amayar da hanjinsa. Gizo ya zuba 'ya'ya uku a turmi, ya daka, ya daka, ya daka, har gumi ya karyo masa, don tauri gare su kamar tsakuwa. Ya dama da ruwan zafi da zuma ya miƙa. Bunsuru ya shanye ya lashe baki. Zumar nan da ruwan zafi suka kwantar masa da maƙogwaro, sai ya hau tsalle yana cewa, "Na warke! Jama'a, na warke!"

Hakama ta tsaya tana kallo, zuciyarta na ce mata je ki. Amma ta daure, ta ce bari dai ta ga kwanan Bunsuru.

Ran Talata ta koma. Ga Bunsuru nan garau yana tunkuyi da sa'anninsa. Jaki ya zo, Gizo ya daka masa, ya daka, ya daka, ya dama da zuma. Jaki ya shanye, ya yi kuka mai ƙarfi har kasuwa ta amsa, ya ce, "Rabon da muryata ta fita haka tun farkon damina!"

Hakama ta sake daurewa, amma da ƙyar. Ta biya wa Iya ta ce, "Iya, yau kwana uku, tarin nan bai ragu ba."

Iya ta ce, "Saura huɗu."

"Ga Gizo can nasa sha yanzu ne."

Iya ba ta san abin da Gizo ke dakawa ba, ta ɗauka zuma ce kawai da ƙarya. Ta ce, "Gizo ko kansa ya taɓa warkarwa? Je ki ba ta ganye."

Wayewar garin Laraba Barmani ta yi tari har ta shiɗe, ta yi lakwas a hannun uwarta kafin numfashi ya dawo. Nan haƙurin Hakama ya ƙare. Kada ku ga laifinta da yawa, wanda bai binne uku ba bai san abin da ta ji ba. Ta cika ƙwarya da daddawa, ta ruga rumfar Gizo.

Ta ce, "Malam Gizo, taimake ni, 'yata za ta tafi."

Gizo ya karɓe daddawa ya tura bayansa. Ya dubi taɓarya, ya tuna yadda kafaɗarsa ta kwana tana ciwo, sai lalaci ya motsa. Ya ƙirgo 'ya'ya uku ya zuba mata a tafin hannu.

Ya ce, "Ke ai mai turmi ce. Je ki daka da kanki, ki dama, ki ba ta."

Hakama ta dawo gida ta zauna a bakin ɗaki tana juya su a hannu. Kyau kamar a yi tsakiyar ratayawa a wuya da su. Barmani ta miƙo hannu ta ce, "Inna, ba ni in gani."

Ta ce, "Tsaya, sai na fara."

Ta ɗauki ɗaya ta jefa a baki. Ta cije, ta ƙi fashewa. Ta sake cijewa, ta ƙi. Ta mayar da ita kan haƙorinta na can ciki ta danna da ƙarfi, ji kake ƙas! Ta tauna ta haɗiye. Ba ɗaci, ba yaji, ba komai. Ta ajiye sauran biyun a kan faifai, ta ce bari ta saurari cikinta. Ta zauna tun hantsi har rana ta take tsaka, har aka yi azahar, ko ɗan murɗa ba ta ji ba.

Ta ce, "Alhamdu lillahi, lafiya lau ne." Ta tashi ta zaga bayan ɗaki ɗauko turmi.

Tana can sai ta ji fuka-fuki fur-fur-fur a kan danga. Kurciya ce, tana haki.

Kurciya ta ce, "Hakama! Hakama! An ce kin je wurin Gizo. Me ya ba ki?"

"Jajayen 'ya'yan nan. Lafiya?"

"Ina lafiya! Bunsuru ya mutu yanzun nan. Tun asuba yake amai da gudawa har da jini, yana kiran ruwa, ruwan ba ya zama. Ni na san su, Hakama. Ni haɗiye su nake yi da ɓawonsu, su fita yadda suka shiga. Muddin ɓawon bai tsage ba, dafin na kulle a ciki. Amma in aka fasa, ko a turmi ko a haƙori, an buɗe wa mutuwa ƙofa. Ba ta kuma gaggawa, sai ta bar mutum kwana biyu yana dariya, ran na uku ta ɗauke shi. Abin da na so in gaya wa Gizo ke nan, bai tsaya ba."

Turmi ya suɓuce daga hannun Hakama. Ta kai harshe kan haƙorinta, ta ji ɗan ɓawon nan har yanzu yana maƙale. Sai ta tuna faifai. Ta zabura ta dawo bakin ɗaki.

Faifai na nan. Ba komai a kansa.

Barmani na zaune tana murmushi. Ta ce, "Inna, na sha maganina da kaina, na hutar da ke."

Hakama ta ƙwalla ƙara har kaji suka watse. Ta suri yarinya, ko goyo ba ta tsaya yi ba, ba mayafi ba takalmi, ta bi ta cikin taɓo sai gidan Iya Gwamma. Ta zube a gabanta tana faɗin abin da ya faru, magana na harɗewa a bakinta.

Iya ta miƙe tsaye, tsohuwar da sai da sanda take tashi. Ta ja yarinya cikin hasken rana ta ce, "Buɗe bakinki." Ta duba haƙora ɗaya bayan ɗaya, ta duba ƙarƙashin harshe, ta duba dasashi, tana neman ko ɗan ɓurɓushin ja. Ba ta gani ba.

Ta ce, "Barmani, dube ni nan. Kin tauna?"

Yarinya ta ce, "A'a, Iya. Santsi gare su, da na sa a baki sai suka wuce."

Iya ta ce, "To, akwai sauran rabo, amma ba mu tsira ba tukuna. In ɗaya na da tsaga tun daga kwanso, ba mu sani ba sai ta fito. Za mu ɗura mata kunu da ruwan tsamiya, mu jira. Duk lokacin da ta zaga, a tona da tsinke a duba. Sai mun ga biyun nan da idonmu, lafiyayyu." Sai ta juyo ta dubi Hakama. "Biyu kika ce. Nawa ya ba ki?"

Hakama ta sunkuyar da kai ta ce, "Uku."

"Ina ɗayar?"

"Iya, kin san ni. Ba na ba ta abin da ban fara ci ba."

"Haɗiyewa kika yi ko taunawa?"

"Taunawa."

"Tun yaushe?"

"Tun hantsi."

Iya ta ɗaga kai ta dubi rana, ta ga har ta karkata. Ta dama ruwan gishiri ta ba ta, Hakama ta yi amai. Ta daka gawayi ta dama ta ba ta. Ta aika aka tatso madara ta ba ta. Duk ta yi abin da ta sani, amma Hakama ta dubi fuskarta, ta gane lokaci ya riga ya ƙure.

Ana cikin haka sai ga Jaki ya leƙo da kai ta ƙofar gida, kunnuwansa a kwance.

Ya ce, "Iya, an ce Bunsuru ya mutu."

Iya ta ce, "Haka ne."

"Ni jiya na sha."

"Nawa ya daka maka?"

"Biyar. Ya ce jikina babba ne."

Iya ta ba shi gishiri da gawayi shi ma, amma ta kasa haɗa ido da shi. Jaki ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "Ni fa ba na jin komai, Iya. Ƙalau nake." Ya juya a hankali ya tafi gindin kanya ya tsaya shi kaɗai, yana kallon ƙasa.

Hakama ta ɗauki tsinke da kanta. Kada ku toshe hanci, kowannenku uwarsa ta yi abin da ya fi wannan a kansa. Duk sanda yarinya ta zaga, sai ta durƙusa ta tona, ta tona, ta tona. Ranar nan har rana ta faɗi ba ta ga komai ba. Ta rungume 'yarta tana jijjiga ta tana cewa:

"Ja ki fito, ja ki fito,
Yadda kika shiga ki fito,
Ɗaya ta ishe ki, ga ni nan,
Ki bar mani Barmani."

Ran Alhamis da hantsi aka ji kukan Jaki daga gindin kanya, kuka irin wanda ba a taɓa ji ba, yana yi yana yankewa. Duk gari ya yi tsit, uwaye suka ja 'ya'yansu ɗaki. Hakama na jinsa, ta san jiya Bunsuru, yau Jaki, ta kuma san gobe ta wane ne. Tsoro ya kama ta sosai, yara. Amma ba ta ajiye tsinke ba. Kafin azahar kuka ya ɗauke. A daidai lokacin kuma tsinkenta ya taɓa wani abu mai tauri. Jar ƙwayar ce, ta wanke ta miƙa wa Iya. Iya ta juya ta a rana, ta juya, ta juya, ta ce, "Lafiyayya. Saura ɗaya."

Da la'asar mutanen gari suka kamo Gizo yana shirin sulalewa da burgamensa, suka jawo shi har tsakar gidan Iya, rawaninsa na jan ƙasa. A lokacin cikin Hakama ya fara murɗa, tana kwance a tabarma. Mutane na ta hayaniya, wannan ya ce a doke shi, wancan ya ce a jefa shi rijiya. Sai ta ɗaga hannu, aka yi shiru.

Ta ce, "Gizo, tambaya ɗaya zan yi maka. Kafin ka ba Bunsuru, ka ɗanɗana?"

Gizo ya hau kame-kame.

Ta ce, "Ni a kan yarinya guda na ɗanɗana. Kai a kan gari guda ba ka ɗanɗana ba?"

Iya ta ce a daka masa uku daga cikin burgamensa. Aka daka, aka dama har da zuma, aka miƙa masa.

Gizo ya ce, "Ayya, yau azumi nake yi."

Aka ce, "Daddawar da ke gemunka fa?"

Ya ce, "To ai shi ya sa cikina ya cika, ba wuri."

Aka ce, "Kurɓa ɗaya ba ta neman wuri."

Ya ce, "To bari in shiga inuwar ɗaki in sha, mai magani ba ya sha a rana."

Aka sake shi taku ɗaya, sai ya saki ƙwarya, ya harba zarensa sama, sululu ya shige cikin jinka. Aka zunguro da sanda, aka yi hayaƙi, bai fito ba. Har yau yana can a lungun rufi, in ya ji an ɗaga ƙwarya sai ya ƙara maƙalewa.

Ran Juma'a Hakama ba ta iya tashi ba. Amai ya ƙi tsayawa, leɓenta ya bushe ya tsattsage, idonta ya faɗa. Iya ce ta karɓi tsinke. Da safe ba komai. Da hantsi ba komai. Hakama na kwance tana motsa baki, sai wanda ya kai kunne zai ji abin da take faɗa:

"Ja ki fito, ja ki fito,
Ɗaya ta ishe ki, ga ni nan."

Ta ce, "Iya, ba na roƙon kwana. Ina roƙon in ga ta biyun nan kafin in tafi."

Iya ta ce, "Riƙe ranki, 'yar nan, riƙe shi da kyau."

Ana kiran sallar Juma'a Iya ta shigo da sauri, hannunta a jiƙe. Ta buɗe tafin Hakama ta sa mata wani abu. Idon Hakama ya riga ya dushe, ba ta gani sosai, sai ta riƙa murza ƙwayar da yatsa tana neman tsaga. Ta murza ta wannan gefe, ta murza ta wancan, ta bi ta da farce. Sumul take, ba tsaga ko ɗaya.

Ta ce, "Iya, lafiyayya ce?"

Iya ta ce, "Lafiyayya ce. 'Yarki ta tsira."

Hakama ta yi ajiyar zuciya mai tsawo. Sai ta ji Barmani ta yi tari a gefenta, ta ji Iya ta ɗauko ƙoƙon ganye za ta ba yarinya na ranar.

Ta ce, "Iya, miƙo nan tukuna."

Iya ta tallafo kanta, ta kai mata ƙoƙo baki. Ta kurɓi kaɗan, ta riƙe shi a harshe, ta haɗiye da ƙyar.

Ta ce, "Da zaƙi. Sha, Barmani."

Yarinya ta karɓa da hannu biyu ta shanye. Kafin ta sauke ƙoƙo daga bakinta, uwarta ta cika.

Ran Asabar kwanan ganye bakwai suka cika, tari ya bar Barmani kamar an zare ƙaya, daidai yadda tsohuwa ta faɗa tun farko. Da aka zo ana yi wa Iya barka, sai ta rufe fuska da zane ta yi ta kuka. Ita ta riƙe yarinya ta rene ta, ta koya mata tsinkar ganye da ƙwarya biyu. Barmani ta girma ta gaji maganin, an kuma ce ramin da take haƙawa ya ninka na Iya zurfi. Tun daga lokacin, a Gindin Kanya ba mai shan magani sai wanda ya ba shi ya fara kurɓa a gabansa.

To, kun ji. Tsiro ɗaya ne, ganyensa ya warkar da 'ya, ƙwayarsa ta kashe uwa. Don haka kada ku karɓi magani a hannun wanda ya leƙa ya ga rabin aiki, komai daɗin waƙarsa. In masani ya ce kwana bakwai, ku ba shi bakwai ɗinsa. Kuma duk abin da kuka tsinta a daji ko a jikin danga, kyansa kada ya sa ku kai shi baki.

Yanzu ke Ladiyo, ɗazu da rana na hango ki a bayan danga kina tsince-tsince, kina ƙullewa a bakin zanenki. Kwance shi nan a gabana. Yauwa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Nawa kika tsinto?

"Huɗu ne, Kaka, wallahi huɗu ne. Awarwaro zan yi da su."

Buɗe bakinki in gani. Ɗaga harshe. To, Allah Ya rufa asiri. Zuba su nan a hannuna, ki je ki wanke hannunki da toka. Gobe da safe ni da ke za mu haƙa rami, ke za ki ɗauko dutsen.

Ƙurungus, ta ƙare a kan kusu. In da ƙarya a ciki, Gizo na can saman jinka, ku je ku tambaye shi.